Shatin Hannu a Ƙirjin Adnan

Gyaran firji ne sana'ar Zulkiflu, yana da ɗan shago a bakin titi a Tudun Wada, amma ba wanda ke kiransa da sunan sana'ar. Koci ake ce masa, yara da manya, har matarsa Rahma idan tana so ta zolaye shi. Tun yana saurayi ciwon gwiwa ya raba shi da buga ƙwallo, shi ne ya koma tara yaran unguwa a filin wata makarantar firamare, kullum bayan sallar la'asar yana koya musu. Wasu daga cikin waɗanda ya fara da su yanzu magidanta ne, sukan tsaya a bakin fili su gaishe shi idan za su wuce.

Gab da faɗuwar daminar bara, kwamitin da ke shirya gasar yara tsakanin unguwanni ya fito da sabon sharaɗi. Duk kocin da bai yi horon taimakon gaggawa ba, bai kuma koyi abin da ake yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya ba, ƙungiyarsa ba za ta shiga gasa ba. Masu horar da yaran suka yi ta gunaguni. Zulkiflu ma ya yi nasa. Ya ce shekara da shekaru yana ɗaure targaɗe, yana tsai da haɓo, ba wanda ya taɓa neman wata shaida a wurinsa. Amma yaransa sun ƙwallafa rai a kan gasar, don haka ya rufe shago ya je.

A wani ɗakin taro a Hanwa aka yi horon. Mai koyarwar wata dattijuwa ce, Sista Nwanneka, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ba gargada. Ta shimfiɗe wani mutum-mutumin roba a kan tabarma, kai da ƙirji kawai, ba hannu ba ƙafa. Kocin 'yan unguwar Kongo ya ce wannan ɗan wasan ko a benci ba zai ajiye shi ba. Aka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba, ta jira har suka yi shiru.

Ta ce, "Idan yaro ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ka kira shi bai amsa ba, ka duba ƙirjinsa. Wani lokaci za ku ga yana wangale baki yana fizgar iska jefi-jefi, kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa. Wannan ba numfashi ba ne. Kada ya ruɗe ku. Zuciya ta tsaya. Ka tura wani ya nemo mota, kai kuma ka durƙusa ka fara dannawa."

Ta nuna musu inda ake ɗora dunduniyar hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya a kan ɗaya, gwiwar hannu a miƙe. Ta sa kowa ya gwada har gumi ya jiƙa musu riga. Da aka zo kan Zulkiflu sai ta tsaya a kansa tana cewa, "Da ƙarfi. Ba shafa shi na ce ka yi ba. Ko ka ji ƙashi ya yi ƙara, kada ka tsaya."

Ya yi yadda ta ce, ya ci jarrabawar, ƙungiyarsa ta shiga gasa.

Cikin yaransa akwai Adnan, ɗan Malam Muntaka na Tudun Jukun. Dogo ne siriri, bai wuce shekara sha biyar ba, ba shi da yawan magana amma ba ya gajiya da gudu. Mahaifinsa akawu ne a wata makarantar sakandare, mutum mai sanyin hali. Shi da kansa ya kawo yaron fili ranar farko, ya ce wa Zulkiflu, "Ga shi nan, amana. In dai ba zai hana shi karatu da sallar magariba ba, na yarda."

Abin ya faru wata Laraba a tsakiyar damina. An yi ruwa da hantsi, ciyawar fili ta jiƙe, yara suna atisaye sun rabu gida biyu. Adnan ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya tura wa wani, ya juya zai koma wurinsa. Sai kawai ya faɗi ta fuska. Ba wanda yake kusa da shi.

Da farko Zulkiflu ya ɗauka santsi ne. Ya busa usur ya ce ya tashi. Da ya ga ko hannu yaron bai motsa ba, sai ya ruga. Ya juya shi rigingine, ya kira sunansa, ya bubbuga kafaɗarsa. Idanun a buɗe suke amma ba sa kallon komai. Can sai bakin ya wangale, ya fizgi iska da wani irin gurnani, ya yi shiru. Aka jima ya sake.

Kafin nan mutane sun taru. 'Yan kallo, masu wucewa, da waɗanda ke zaune a teburin mai shayi a bakin katanga. Wani ya ce a kawo ruwa a yayyafa masa. Wani ya ce a nemo albasa a shaƙa masa. Wani dattijo ya ce a tashe shi zaune a yi masa fifita, suma ce kawai.

Zulkiflu ya gane abin da yake gani. Ya daka wa babban yaron ƙungiyar tsawa ya je ya tsayar da mota. Ya yaye rigar Adnan, ya ɗora hannu a inda aka nuna masa, ya fara dannawa.

"Kai! Me kake yi haka?" in ji dattijon. "Yana numfashi! Ba ka gani ba?"

"Ba numfashi ba ne, Baba. Ku ja baya."

"Za ka kashe yaron mutane!"

Wani ya kama kafaɗarsa zai janye shi. Zulkiflu ya fizge bai ko waiwaya ba. Ƙirjin yaro ba kamar na roba ba ne. Da ɗumi, da gumi, ga ƙashi yana motsi a ƙarƙashin tafin hannu. Bai daɗe da farawa ba ya ji wani abu ya ce ƙas. Waɗanda ke kusa ma sun ji. Wata mata da ta tsaya da tallan gyaɗa a ka ta yi salati ta rufe fuska. Zulkiflu ya ci gaba.

Aka samu wata a-kori-kura da ta sauke bulo a makarantar. Aka ɗora Adnan a baya, Zulkiflu ya hau ya durƙusa a kansa. Duk hanya yana dannawa, yana hura masa iska a baki, mota na faɗawa ramuka, gwiwarsa mai ciwo na gugar ƙarfe. A asibiti ma'aikata suka karɓe shi suka shige da shi, aka bar Zulkiflu a baranda, hannuwansa sun ƙi miƙewa.

Ana kiran sallar magariba likita ya fito. Malam Muntaka ya iso ke nan, ko hula babu a kansa. Likitan ya ja shi gefe ya yi masa magana a hankali. Zulkiflu ya ji Malam Muntaka yana maimaita, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya dafa bango ya zauna a ƙasa.

Washegari da safe aka yi jana'iza. Wanda ya yi wa gawar wanka tare da limamin unguwa shi ne Alhaji Nagoda, yayan Malam Muntaka, ɗan kasuwa mai zafin rai wanda magana tasa ce a gidan. Da suka cire wa yaron riga, sai ya ga tsakiyar ƙirjin ya yi baƙi, shatin hannu a fili. Da ya shafa gefen, ya ji haƙarƙari ya lotsa. Liman ya ce masa abin da aka gani wurin wankan gawa ba a fitar da shi. Alhaji Nagoda ya ce wannan ba aibin mamaci ba ne, aikin wani ne mai rai.

Zulkiflu ya bi gawa har maƙabarta, ya sa hannu aka tura ƙasa. Bai san me ake ciki ba sai da ya koma gaisuwa a rana ta biyu. Ya tarar da mutane zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban Malam Muntaka, ya ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne."

Kafin uban ya amsa, Alhaji Nagoda ya ce, "Kai ne kocin?"

"Ni ne, Alhaji."

"Ni na yi masa wanka. Na ga abin da ka yi. Waɗanda suke wurin sun ce yaro yana numfashi ka hau kansa. Sun ce maka ka bari, ka ƙi. Suma ce irin wadda kowa ke yi, a zuba masa ruwa ya tashi. Kai likita ne?"

"Ba likita ba ne ni, Alhaji. Amma an koya mana, idan zuciya ta tsaya..."

"Wa ya ce maka ta tsaya? Ka buɗe ka gani? An tara ku kwana nawa aka koya muku? A kan ɗanmu za ka gwada?"

Zulkiflu ya dubi Malam Muntaka. Mutumin bai ɗago kai ba, carbi yana hannunsa amma ba ya ja. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ka ji ƙashin lokacin da ya karye?"

"Na ji, Malam."

"Ka tsaya?"

"Ban tsaya ba."

Malam Muntaka ya gyaɗa kai. Ya ce, "Tashi ka tafi. Don Allah kada ka sake zuwa."

Alhaji Nagoda ya so a kai maganar wurin 'yan sanda. Malam Muntaka ya ƙi, ya ce ba zai yarda a tono masa ɗa ba, ya bar wa Allah. Amma magana ta riga ta bazu daga Tudun Jukun har Tudun Wada. Iyaye suka fara hana 'ya'yansu zuwa fili. Wani ya aiko ƙaninsa ya karɓe firjin da ya kawo gyara, ba a ko taɓa shi ba. A masallaci ana gaisawa da Zulkiflu, sai dai ana saurin sakin hannunsa. Ya sanar da kwamiti cewa ƙungiyarsa ta janye daga gasa, ya daina zuwa fili gaba ɗaya.

Abin da mutane ke faɗa bai dame shi kamar abin da yake faɗa wa kansa ba. Ya san abin da Sista ta ce, yana iya maimaita shi kalma-kalma. To amma idan shi ne ya yi kuskuren gani fa? Idan numfashin gaske ne? Yana cikin aiki sai ya tsaya, sukudireba a hannu, yana sake ganin bakin yaron na buɗewa. Abinci ma ya rage ci. Rahma ta zuba masa ido har ta gaji, ran nan ta ce, "Ka je wurin matar nan da ta koya muku. In ka yi daidai ta faɗa maka, in ka yi kuskure ta faɗa maka. Wannan zaman zai kwantar da kai."

Ya sami Sista Nwanneka a gidanta a Hanwa, tana zaune a baranda tana gyaran wake a faranti. Ta riga ta ji labari. Ta ba shi kujera, ta ce ya faɗa mata komai daga farko, kada ya tsallake ko ɗaya. Ta riƙa tsayar da shi da tambaya. An buge shi? Ya dafa ƙirji kafin ya faɗi? Fizgar iskar a jere take ko jefi-jefi? Da ya gama, ta ajiye farantin.

Ta ce, "Koci, abin da ka gani shi ne abin da na faɗa muku. Da ni ce a wurin, abin da ka yi zan yi. Haƙarƙari kuwa, na karya na mutane da yawa a asibiti, wasu sun tashi sun tafi gida, ƙashin ya warke."

"To me ya sa shi bai tashi ba?"

"Saboda yawanci ba sa tashi." Ta ci gaba, "Dannawa ba ta cika tayar da zuciya ita kaɗai ba. Tana tura jini ne zuwa kai kafin a kai ga na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki. Idan na'urar ta yi nisa, sau da yawa ba a cim ma ta. Amma wanda ba a danna ba, shi ba ya ma da rabo ko kaɗan. Kai ka ba shi ɗan abin da ake iya ba shi."

Zulkiflu ya sunkuyar da kai. Bai ji nauyin ya sauka ba, amma ya ji ya ɗan matsa gefe.

Sai ta ce, "Akwai abin da ya fi damuna. Yaro mai ƙarfi ba ya faɗuwa haka kawai. Wani lokaci abin a jini yake. Yana da ƙanne?"

"Akwai ƙanwarsa, Hanifa. Takan kawo masa takalmi fili idan ya manta."

"An taɓa yin wani a danginsu da ya mutu farat ɗaya yana matashi?"

"Ban sani ba, Sista. Kuma ba ni da bakin tambaya. An ce kada in sake taka gidan."

"Kai aka ce wa," in ji ta. "Ni ban yi wa uwar gaisuwa ba tukuna."

Daga nan bai sake jin komai ba. Damina ta ja baya, aka yi addu'ar arba'in ba a gayyace shi ba. Aka buga wasan ƙarshe na gasar, ya ji ihun daga shago bai fita ba.

Wata safiya yana durƙushe a bayan wani firji, sai ya ji sallama. Ya leƙo. Malam Muntaka ne tsaye a bakin ƙofa, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Zulkiflu ya miƙe da sauri ya goge benci da hannun riga. Suka gaisa kamar baƙi. Malam Muntaka ya zauna ya daɗe yana kallon titi.

Ya ce, "Ranar nan ban tambaye ka ba. Kafin ya faɗi, ya yi wata magana?"

"Bai yi ba, Malam. Amma da za mu fara, ya ce mini ranar Asabar ba zai zo ba, za ku je gona ku duba masara."

Malam Muntaka ya rufe ido. "Haka ne. Mun yi da shi."

"Yana cikin wasa, lafiya lau. Ya ba da ƙwallo ya juya. Ban ga alamar ya ji zafi ba. Kafin in isa wurinsa ba ya cikin hayyacinsa."

"Ke nan lokacin da ƙashin ya karye bai ji ba?"

"Sista ta ce bai ji ba. Ni ma haka na gani."

Mutumin ya ciro hankici ya goge fuska. Sannan ya fara ba da labari, yana yi yana tsayawa.

Ya ce Sista Nwanneka ta je gidan ta yi wa mai ɗakinsa Kulu gaisuwa, suka daɗe a ɗaki. A nan Kulu ta faɗi abin da ta daɗe tana juyawa a ranta ba ta gaya wa kowa ba. Tana da ƙane, Suhaibu, da ya rasu tun kafin a yi mata aure. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, yana tsere da abokansa a hanyar rafi ya faɗi bai tashi ba. Ba wanda ya danna masa ƙirji. Ruwa aka zuba masa, aka yi masa fifita, aka yi tofi. A ƙauyen aka ce iska ce ta buge shi.

"Da Kulu ta faɗa mini a kai Hanifa a duba ta, na ƙi," in ji Malam Muntaka. "Na ce yarinya lafiyarta ƙalau, kada a ja mana wani abu. Kulu ba ta taɓa yi mini musu ba tun da muke. Ran nan ta ce ko na yarda ko ban yarda ba za ta kai ta. Sai na bi su."

Sun je asibitin koyarwa na Shika. Aka yi wa Hanifa hoton zuciya. Likita ya ce naman zuciyarta ya yi kauri fiye da yadda ya kamata, kuma irin wannan gado ake yi. Ya ce ba zai iya rantsewa a kan Adnan ba tun da bai duba shi ba, amma ya fi zaton abin da ya ɗauke shi ke nan. An ɗora ta a kan magani, an hana ta gudu da wasan tsalle, za a riƙa ganinta lokaci-lokaci.

"Na tambaye shi maganar haƙarƙarin," in ji Malam Muntaka. "Ya ce wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi." Ya dubi Zulkiflu a karo na farko tun da ya zauna. "Na kore ka a gaban mutane. Ka yafe mini."

"Babu komai, Malam. Ɗanka ne. Ni ma da ni ne..."

"Ba wannan kaɗai ya kawo ni ba. Likitan ya ce da magani da komai, tana iya faɗuwa wata rana. Ya ce duk wanda ke gidan ya kamata ya iya abin da za a yi. Idan ta faɗi a tsakar gida, ba kai za ka kasance kusa ba. Ni ne, ko uwarta. Kuma mace ce. Ka san mutanenmu, a titi za a tsaya ana kallon-kallo, wa zai taɓa ƙirjin 'yar mutane." Sai ya ce, "Ina so ka koya mini."

Zulkiflu ya ce shi ɗalibi ne, Sista ce malama, kuma ita ke da mutum-mutumin. Malam Muntaka ya ce ya sani, ta riga ta ce su zo ranar Asabar shi da Kulu. Amma yana so Zulkiflu ya kasance a wurin.

"Alhaji ya san da wannan?"

"Na gaya wa Yaya. Ya ce likitoci bakinsu ɗaya, ba za su tona wa juna asiri ba. Shi abin da hannunsa ya taɓa ya taɓa. Ban ja da shi ba."

Ranar Asabar suka haɗu a barandar Sista Nwanneka. Ta shimfiɗa tabarma, ta fito da robar. Kulu ta fara. Mace ce ƙarama. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta durƙusa, ta yi duk abin da aka ce mata, ta sake, ta sake, har Sista ta ce ya isa haka. Ta koma gefe ta zauna tana haki.

Malam Muntaka ya naɗe hannun rigarsa ya durƙusa. Ya ɗora hannu a tsakiyar ƙirjin robar, ya tsaya. Aka jira shi. Da ya fara, a hankali yake yi, ƙirjin ko lotsawa ba ya yi. Sista ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa, ta dubi Zulkiflu.

Zulkiflu ya durƙusa a ɗaya gefen. Ya gyara masa gwiwar hannu, ya ce ya kawo kafaɗunsa daidai saman hannuwan. Ya ce, "Da nauyin jikinka za ka yi, Malam. Ƙara ƙarfi."

Malam Muntaka ya danna, ƙirjin ya shiga ciki. Ya ɗago ido. "Haka ka yi masa?"

"Ya fi haka."

Mutumin ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya. Hawaye suka zubo masa har cikin gemu, bai goge ba. Kulu ta juya fuska ga bango. Wani mai sayar da rake ya wuce a titi yana tura baro. Can Malam Muntaka ya yi bisimilla, ya mayar da hannuwansa, ya ci gaba, wannan karon da ƙarfi, Zulkiflu yana tafa masa hannu don kada ya rage sauri.

Bayan mako biyu Malam Muntaka ya tsaya bayan sallar la'asar a masallacin unguwarsu, ya faɗa wa jama'a abin da likita ya ce. Wasu sun karɓa, wasu ba su karɓa ba. Zulkiflu ya koma fili da yara kaɗan, ba su ko isa a raba su gida biyu ba. Kafin ya yarda ya karɓi yaro yanzu, sai ya je gidansu ya zauna da uban ya tambaye shi ko an taɓa yin mai faɗuwa farat ɗaya a dangi. Akwai waɗanda tambayar ke ɓata wa rai, su ce yana yi musu mugun baki.

Hanifa tana zuwa makaranta, tana shan maganinta, ranar wasanni takan zauna a inuwa tana kallo. Alhaji Nagoda kuwa har yau idan suka haɗu da Zulkiflu a hanya, yakan amsa sallama a taƙaice ya wuce, ba ya miƙa hannu.